Wutar da Ke Saura Bayan An Kashe Makunni

Wanda ya taɓa tsayawa a shagon cajin waya a Sabon Birni ko Isa ya san wannan: an zare caja daga soket, amma 'yar fitilarta tana nan tana ci, sai bayan daƙiƙa biyu ko uku ta dushe. Abin da ya riƙe ragowar wutar nan shi ne kafasita.

Kafasita faranti biyu ne na siririn ƙarfe, an sa abin da wuta ba ta ratsawa a tsakaninsu. A Turai aka fara haɗa shi cikin kwalba, a shekarun 1745 da 1746, har kwalbar ta ɗauki sunan garin Leiden na ƙasar Holan. Ana auna yawan abin da yake iya ɗauka da farad, daga sunan masani Michael Faraday.

Manomin rani a fadamar Gulbin Rima ba zai sha wahalar gane yadda yake cika ba. Idan ya buɗe bakin fangali, ruwa yakan shiga da ƙarfi; fangali yana cika, gudun ruwan yana raguwa, har ya yi daidai da na hanyar ruwa ya tsaya cik. Haka kafasita yake. Da an haɗa shi da batir an danna makunni, wuta takan kwarara da yawa, sannan ta riƙa ja da baya har ƙarfinsa ya kamo na batir. Rezista kuwa ita ce bakin fangalin: ƙuncinta ne ke jinkirta cikar.

Ga lissafin. Ka haɗa batir mai bolt 12 da rezista mai om 10,000 da kafasita mai maikirofarad 100. Cikin daƙiƙa ɗaya zai kai kashi 63 cikin 100, wato kusan bolt 7.6, cikin daƙiƙa biyar ya kusa cika. Idan ka cire batir ka haɗa ƙafafunsa ta rezistar, zai juye da ƙarfi da farko, sannan a hankali, cikin wannan lokacin.

Matsalar tana nan idan bai sami hanyar juyewa ba, domin zai riƙe wutarsa. Wutar gida mai bolt 230, idan ta shiga talabijin, takan tara sama da bolt 300 a babban kafasita. Inbatar sola ma tana da irinsa. Shi ya sa gogaggen mai gyara, ko da ya zare fulogi, yakan fara ɗora ƙwan lantarki mai zare a ƙafafun kafasitan. Ƙwan ya yi haske ya mutu, mai gyaran ya auna da mita, sannan ya sa hannu.

Iyaye da masu koyon gyara, a riƙe wannan: kashe makunni bai isa ba. Kada yaro ya sa hannu cikin na'ura sai an juye kafasitanta an auna.