Uwargida, Kin Taɓa Hawa Dala?

Yau tambaya gare ni: ke da ke zaune a Jakara ko Madabo, kina hangen Dutsen Dala ta kan katanga in kina shanya, kin taɓa hawansa kuwa? Baƙi na zuwa daga ƙasashen Turai don su hau, amma akwai matar da ta haifi 'ya'ya bakwai a gindinsa ba ta san yadda kansa yake ba.

To, ki nemi izinin maigida, ku haɗu ku uku ko huɗu, ku tafi da 'yan matanku 'yan makaranta. Akwai matakala ta siminti har sama. A tafi da sassafe kafin rana ta buɗe, ban da almuru. A bar takalmi mai tsini a gida, a ɗaura zane sosai, a riƙe ruwan sha. In kin yi haki ki zauna ki huta, ba tsere ake ba. Mai tsohon ciki kuwa ta haƙura sai ta sauka. Washegarin ruwan sama ya fi kyan gani, don hazon hunturu yakan rufe gari.

Daga sama za ki ga hasumiyoyin Babban Masallaci da Gidan Rumfa da Goron Dutse. Amma abin da na fi so ki nuna wa yara shi ne Jakara. Tarihin Kano ya ce a zamanin Barbushe, tun kafin zuwan Bagauda a 999, wurin nan kurmi ne mai duhu ana kiransa Kurmin Baƙin Ruwa. Maguzawa na tsoronsa, suna yi masa yankan baƙin bunsuru, wai in masifa za ta auko wa gari sai ya yi kuwwa hayaƙi ya tashi. A gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Sai yarinya ta gane inda kasuwar ta samo sunanta.

Yanzu fa babu kurmi, sai rumfuna da gidaje da kwata. Ruwan ya koma baƙi, amma na dauɗa. Kada mu ɗora wa mahauta da masu rini laifin duka, don ledar da kika ba yaro ya zubar a lambatu can take tafiya. Ruwan nan kuwa yana gangarawa har madatsar Wasai a Minjibir, kuma a hanya da shi ake ban-ruwan wani latas da alayyahon da muke saye.

Dutsen ma yana cinyewa, zaizaya ta sama, gine-gine ta ƙasa, alhali tun 2007 yana cikin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tare da ganuwa da Kurmi. Saboda haka in kun ci gyaɗa ko rake a can sama, ku ƙullo ɓawon a gefen mayafi ku sauko da shi.