3.2 Sinadarin Palmitik: Amfaninsa da Illarsa ga Jikin Ɗan'adam

Wannan sashe zai yi bayani a kan sinadarin palmitik, wanda yake ɗaya ne daga cikin sinadaran maiƙo masu daskarewa. Wani masani Bafaranshe mai suna Edmond Frémy ne ya fara tace shi daga manja a shekarar 1840. Ana samunsa a manja da man shanu da kitsen dabbobi, kuma shi ne kimanin kashi 44 cikin ɗari na maiƙon manja. Yawansa na daga cikin dalilan da ke sa manja ya yi kauri a lokacin hunturu.

Ta fuskar amfani, kowane giram ɗaya na maiƙo yana bai wa jiki kimanin kalori 9. Bugu da ƙari, palmitik yana cikin abubuwan da jiki ke gina bangon ƙwayoyin halittarsa da su. Har ila yau, da shi ne huhu ke haɗa wani ruwa mai santsi da ke hana 'yan jakunkunan iska mannewa idan an fitar da numfashi. Ƙarancin wannan ruwa ne ke sa wasu bakwaini fama da wahalar numfashi. Haka kuma, palmitik ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na maiƙon nonon uwa.

Sai dai abin lura shi ne, jiki ba ya dogara ga abinci kaɗai wajen samunsa, domin hanta tana iya sarrafa shi daga rarar sitaci da sukari. Saboda haka, ba rashinsa ake gudu ba, yawansa ne abin tsoro. Idan ya yi yawa a abinci yakan ƙara mugun kolestarol a jini, wanda kan taru ya toshe jijiyoyi, har ya kai ga ciwon zuciya. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na shekarar 2023, ta ba da shawarar kada maiƙo mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da ake samu daga abinci a rana.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ba a buƙatar a ƙaurace wa manja, musamman da yake yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Abin da ya kamata shi ne a rage yawansa a miya, a kuma riƙa musanya shi da irin su man gyaɗa.