Allurar Kwalliya a Mubi: Wa Ke Riƙe da Sirinjin?

Mubi gari ne na kasuwa, kuma abin da ya shigo kasuwa ba ya daɗewa bai sami mai saye ba. Shanu na fita daga nan zuwa kudancin ƙasa, kaya na shigowa daga Kano da Anacha, wasu kuma ta hanyar Sahuda daga Kamaru. Ga dubban ɗalibai a Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kusan kowa da waya a hannu. Tallar allurar haske da allurar ƙarin ƙugu da ta cike leɓe, wadda ake yi a TikTok da Instagram, ba ta san iyakar jiha ba. Mai talla tana Legas ko Abuja, kuɗi ya tafi ta banki, kwali ya iso tasha a hannun direba. Saura wanda zai tsira allurar, kuma a nan ne maganar take. Ra'ayina shi ne duk abin da zai huda fata aikin asibiti ne, ko da sunan kwalliya aka kira shi, kuma abin da ya kamata a auna shi da shi shi ne wa zai ceci mutum idan abu ya ɓaci, da kuma nisan da ke tsakaninsa da mai ceton. Idan aka yi wannan awon a Mubi, yawancin abin da ake tallatawa ba zai tsallake ba.

Kafin a kai can, ya dace a wanke sunan tiyatar gyaran jiki, domin asalinta aikin jinƙai ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya wani likita mai suna Harold Gillies ya tara sojojin da harsashi ya ɓata wa fuska a wani asibiti da aka buɗe a Sidcup ta Ingila a 1917, yana ɗebo fata daga wani sashe na jiki yana sake gina hanci da muƙamuƙi. Daga irin wannan aiki fannin ya girma. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma tun 1999, cutar da ke cinye kunci da leɓen yaron da yunwa ta raunana, kuma likitocin wannan fanni ne ke mayar wa yaran bakin da za su ci abinci da shi. Mubi kanta ta san darajar aikin. Garin da ya faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, ya kuma ga tashin bama-bamai a masallaci a Nuwamban 2017 da Mayun 2018, ba ya rasa masu ɗauke da tabon ƙuna da na ɓaraguzan ƙarfe. Ga yaran da suka faɗa wuta a lokacin hunturu fatar ta warke ta maƙale musu yatsu, ga jariran da ake haifa da tsagaggen leɓe. Waɗannan su ne suka fi kowa buƙatar likitan gyaran jiki, kuma su ne suka fi wuyar samunsa, saboda ƙwararrun fannin kaɗan ne a Najeriya, yawancinsu kuma suna manyan birane.

Wannan ƙarancin shi ne ya sa batun kwalliya ya zama abin tsoro a wajen manyan birane. Ko a inda ake da kayan aiki da kuɗi, wuƙa ba ta da tabbas. Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, ta rasu a ranar 23 ga Oktoban 2005 a kudancin Sifen bayan tiyatar zuƙe kitse, kuma a 2009 wata kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci. Tiyatar ƙara mazaunai da ake kira BBL, wadda ake zuƙo kitse daga ciki a ɗura shi a baya, ta fi sauran haɗari saboda dalili sananne: a ƙarƙashin naman wurin akwai manyan jijiyoyin jini, idan kitse ya shiga ɗaya daga ciki sai ya bi jini ya toshe huhu, mutum ya mutu cikin mintuna. Wani binciken ƙungiyar likitocin fannin a Amurka a 2017 ya ƙiyasta mutuwar kusan mutum 1 cikin 3,000, abin da ya sa ƙungiyar likitocin kwalliya ta Birtaniya ta shawarci 'ya'yanta a 2018 su dakatar da yin ta. An gyara dabarar daga baya, ana ɗura kitsen a ƙarƙashin fata kawai, haɗarin ya ragu. To amma wannan gyara yana hannun wanda ya yi shekaru yana koyon aikin, yana da likitan sa barci a gefensa da jini a ajiye. A Legas ma, a 2020, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta rufe wani asibitin gyaran jiki bayan koke-koke a kan aikinsa.

Za a ce ai wannan matsalar masu kuɗi ce, 'yar Mubi ina ta ga miliyoyin da za ta kai Legas ko Turkiyya? Gaskiya ne, kuma shi ya sa allura ta fi wuƙa zama barazana a nan. Tana da araha, ba ta buƙatar ɗakin tiyata, ana iya yin ta a bayan shago ko a uwar ɗaki, mutane kuma sun saba ganin allura a matsayin ƙaramin abu. Ɗauki waɗanda likitoci suka yarda da su tukuna. Botox guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, an tace ta an rage ƙarfinta. Tana sassauta tsokar fuska don tamoji ya kwanta, Amurka ta amince da ita don kwalliya a 2002, aikinta kuma yana gushewa bayan wata uku zuwa huɗu. Yawancin nau'o'inta sai an adana su cikin sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 8 ba. Kwalbar da ta kwana a motar haya ta iso garin da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, wa zai ba da shaidar abin da ke cikinta? A Afrilun 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi gargaɗi bayan da jabun Botox, da allurar da marasa lasisi suka yi, suka kwantar da mata a asibiti a jihohi da dama, wasu suna gani bibbiyu, wasu numfashi na yi musu wuya. Allurar ciko kuwa, wadda ake cusa wani abu mai kauri don kumbura leɓe ko kunci, babban haɗarinta shi ne ta faɗa cikin jijiyar jini. Sai jinin wurin ya tsaya, fatar ta yi fari, ta koma baƙi, ta ruɓe. Idan jijiyar mai kai jini ido ce, mutum na iya makancewa nan take. Akwai allurar da ke narkar da irin cikon da aka fi amfani da shi, amma dole a yi ta cikin sa'o'i kaɗan, a hannun wanda ya gane alamar da wuri. Daga Mubi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola tafiyar kusan kilomita 200 ce.

Wannan fa idan kayan na gaskiya ne. Abin da ya fi yawo a kasuwar araha ya fi haka muni. Allurar ƙarin ƙugu sau da yawa ruwan silikon ne ko wani mai da ba a yi shi don jikin mutum ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2017. Ba ya narkewa, ba ya zama wuri ɗaya, yana malala cikin nama ya daskare ƙulli-ƙulli, wani lokaci sai bayan shekaru ciwon zai taso, kuma cire shi yana nufin yanke naman da ya haɗe da shi. Allurar haske, wadda galibi sinadarin gulutatayon ne ake bayarwa ta jijiya ko cikin ƙarin ruwa, babu ingantaccen binciken da ya tabbatar tana haskaka fata dawwamamme. Amurka ba ta amince da wata allurar haske ba ko ɗaya, hukumar magunguna ta Filifin kuma ta yi gargaɗi tun 2011 cewa tana iya taɓa ƙoda da haddasa wata irin saɓar fata mai kisa. Kasuwar haskaka fata a wajenmu ba ƙarama ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da kayan haskaka fata, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Sai kuma maganin ƙiba dangin sha-ka-fashe, wanda sau da yawa dekisametason ne, maganin da likita ke bayarwa don kumburi da asma. Ƙibar da yake kawowa alamar cuta ce: fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, hawan jini da ciwon suga su biyo baya, ƙashi ya yi rauni.

Ko da ruwan gishiri ne a cikin sirinjin, allurar kanta tana da nata haɗari. Wadda aka yi wa mutum biyu tana iya ɗaukar ciwon hanta da ƙwayar HIV. A jihar New Mexico ta Amurka bincike ya nuna alamar cewa mata uku sun kamu da HIV a wani shagon kwalliya mara lasisi da aka rufe a 2018. Wadda aka tsira a gefen da bai dace ba na ɗuwawu tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa ta bar mutum yana jan ƙafa. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabo mai tudu, wanda ke girma ya wuce girman raunin da ya haifar da shi, abin da hotunan talla ba sa nunawa.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce jikinta ne, kuɗinta ne, babba ce. Ina girmama wannan hujja, kuma ban ga amfanin zagin matan da ke neman waɗannan abubuwa ba. Son kyau ba sabon abu ba ne. Lalle da dilka da halawa da turaren wuta sun daɗe a gidajenmu, ba wanda ya ce laifi ne amarya ta yi gyaran jiki. Matsin da ke kan mace kuma na gaske ne. Wadda mijinta ke yaba farar mace a gabanta, ko ake yi mata barazana da kishiya, ko aka ce da ita ramammiya a gidan biki, ba daga sama ta tsinci damuwarta ba, kuma mazan da ke tofin Allah tsine ga bilicin a majalisa su duba irin matar da suke nema idan sun tashi aure. Amma zaɓi ba ya cika sai da sani. Matar da ba a gaya mata sunan abin da ke cikin kwalba ba, ba a gaya mata ba ya fita ba, ba a gaya mata mai allurar ba ta da abin yi idan numfashinta ya ɗauke ba, amana ta bayar aka ci. Wasu kuma za su ce addini ya riga ya gama magana, a yi wa'azi kawai. Malamai sun yi bayani kam. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar da ke gyara aibi ko mayar da gaɓa aikinta, ta hana wadda ake yi don canja lafiyayyar halitta saboda son rai. Ana kafa hujja da labarin sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya. Limamai da fastocin Mubi suna da rawar takawa. Sai dai wa'azi shi kaɗai yakan sa abin ya koma ɓoye, kuma wadda ta yi a ɓoye ita ce ke rufe miki da zane har ya yi ruwa, tana jin kunyar zuwa asibiti.

Ba a rasa doka ba. Lasisin mai kemis bai ba shi damar yin allura ko sayar da maganin da sai da takardar likita ba, kuma Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ce ke da alhakin sa ido a kai. Majalisar Likitoci ta ƙasa tana riƙe da rajistar duk likitan da ke da izinin aiki, NAFDAC kuma tana ba kowane magani lambar rajista. Takardar shaidar kwas na mako guda da aka rataye a bangon shago ba ta cikin waɗannan. Na san za a ce mai kemis shi ne likitan talaka a ƙauyukan Maiha da Michika da Hong, idan aka matsa masa mutane za su wahala. Wannan uzuri yana da nauyi idan zazzaɓi ne ya kama yaro cikin dare. Allurar ƙugu kuwa ba ta da gaggawa, babu wanda jinkirta ta zai cutar, don haka a nan ne hukuma za ta iya tsanantawa ba tare da ta zalunci kowa ba. Jihar Adamawa tana da kwalejin koyar da ma'aikatan lafiya, kuma ɗalibanta su ne za a fi lallaɓa da kuɗi su yi irin wannan allura a gida. Ya kamata a koya musu illarta tun suna aji, a koya musu gane alamar toshewar jijiya da ta gubar Botox, a kuma koya musu karɓar wadda ta zo da matsalar ba tare da gori ba, domin likita ba zai iya magance abin da aka ɓoye masa ba. Wadda ta riga ta yi allura ta ga wurin ya canja launi, ko zafi ya tsananta, ko ganinta ya dushe, ko numfashi ya yi mata nauyi, ta tafi asibiti a wannan sa'ar, ta riƙe kwalbar ko kwalin a hannu. Wadda kuma ta daɗe tana shan dekisametason kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jikin ya daina haɗa nasa sinadarin, yankewar na iya sa jini ya faɗi ta suma. Likita ne zai riƙa rage mata shi sannu a hankali har ta rabu da shi.