Koya wa Ƙananan Yara Kalmomin Kuɗi da na Ciniki

Ran 1 ga watan Janairu, 1973, Nijeriya ta bar fam da sule ta kama naira da kwabo. Tun kafin ranar aka yi ta bayyana wa jama'a cewa sule goma shi ne naira ɗaya, fam ɗaya naira biyu, kwabo ɗari kuwa su ne naira guda. A wannan lokaci manya su ne ɗalibai. Amma darasin bai ƙare ba, domin kowane yaro da ya tasa lalle ne ya koye shi daga farko, kuma galibi sai ran da aka fara aikensa ya dawo da kuka ake gane ba a koya masa ba.

A garin Gwagwalada, wanda ke kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, kasuwa tana haɗa Gbagyi masu kawo doya, da Fulani masu nono, da Bassa, da fatake Hausawa, da ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Abuja wadda aka kafa a 1988. Da Hausa ake yin yawancin cinikin, ko da ba ita ce harshen gidan mai saye ko mai sayarwa ba. Saboda haka yaron da bai san kalmomin kasuwa ba ya zama baƙo a ƙofar gidansu. Haka abin yake a kowane gari da jama'a suka cakuɗa.

Sanin takardar kuɗi

Yaro yana gane hoto tun kafin ya gane lamba, don haka da hoto ya kamata a fara. A nuna masa Janar Murtala Muhammed a kan naira 20, wadda ta fito a 1977, har mutane suka riƙa kiranta "murtala". A nuna masa Cif Obafemi Awolowo a kan 100, da Sardauna Ahmadu Bello a kan 200, da Dakta Nnamdi Azikiwe a kan 500. Ta 1,000, wadda ta fito a 2005, mutum biyu ne a kanta, watau Alhaji Aliyu Mai-Bornu da Dakta Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Bankin Nijeriya. Bayan ya saba da fuskokin sa'an nan a sa yatsansa a kan lambar.

Akwai wani kuskure da kusan kowane yaro yake yi. A ganinsa takardu uku sun fi ɗaya, ko da ukun na hamsin-hamsin ne, ɗayar kuwa ta ɗari biyar. Bayani da baki ba ya gyara wannan. Maganinsa shi ne a zauna da shi a tabarma ana yin musaya: ya ba da ɗari biyar biyu, ya karɓi dubu, ya ba da ɗari biyu, ya karɓi ɗari-ɗari.

Kwabo kuwa, yaran yanzu da wuya su taɓa riƙe shi, alhali kullum suna jin kakanninsu na cewa "ba ni da ko sisin kwabo" ko "bai ba ni ko anini ba". Ba laifi a gaya masu cewa a zamanin fam kwabo goma sha biyu ne sule, sisi rabin sule, taro rabin sisi, anini goma kuma su ne kwabo. Wannan tarihi ne, kada a matsa masu su haddace.

Maganar kasuwa

Ciniki yana da hanyarsa. Mai saye ya yi sallama ya tambayi kuɗin kaya, sa'an nan ya taya. In tayin bai kai ba, mai kaya ya ce "albarka". Nan ne yara da yawa suke ruɗewa, gama a gida albarka addu'a ce da ake amsa ta da amin, a kasuwa kuwa ma'anarta ba a yarda ba, a ƙara. Sai an ce "na sallama" ciniki ya faɗa. Rangwame shi ne a rage kuɗin, gyara kuwa a ƙara kayan. Yaron da aka aika ya sayo tumatir ya sani cewa neman gyara ba roƙo ba ne, al'ada ce, amma a kanti ko wurin mai magani ba a yin ta.

Sai ma'aunai: kashin tattasai, gwangwanin shinkafa, mudun masara, tiyar gero, ƙwaryar doya. Waɗannan da ido ake koyonsu. Uwar da ta riƙe hannun ɗiyarta ta zagaya da ita rumfar masu awo sau biyu ta gama aikin.

Abin da ya fi bukatar haƙuri shi ne yadda ake faɗin kuɗi. "Lemo ɗari-ɗari" daban yake da "lemo uku ɗari". "Dubu ba hamsin" tana nufin 950. Mai doya yakan ce "biyu da rabi", yana nufin 2,500. Babba ba ya ko lura da waɗannan, amma ga ɗan shekara shida kowace ɗaya rami ce.

Canji

A kan canji ake yawan dukan yara, kuma sau da yawa laifin na wanda ya aike su ne. Kafin yaro ya fita, a gaya masa abu uku: nawa aka ba shi, nawa ne kayan, nawa zai dawo da shi. A ce, misali, "Ga dubu. Daddawa ta ɗari biyu, albasa ta ɗari uku. Canjinka ɗari biyar." Ya maimaita da bakinsa. A koya masa ya ƙirga canji a gaban mai kaya kafin ya juya baya, ya kuma ce "Baba, canjina bai cika ba" cikin ladabi, ba tare da tsoro ba. In mai kanti ya ce babu canji, ya miƙo alewa ko ya ce a dawo an jima, yaro ya koma gida ya tambaya tukuna.

Idan ya ɗan girma sai a shigo da uwar kuɗi da riba da faɗuwa da bashi. Amma koyon ciniki dabam, talla dabam. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Babban Birnin Tarayya, ta hana a ɗora wa yaro talla a manyan tituna da hanyoyin mota. Teburin ƙofar gida, a gaban idon uwa, ya isa makaranta.

Kuɗin da ba a gani

Tun ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, mutane da yawa suka koma biya ta waya ko ta wurin masu POS. Yaro yana ganin an danna waya an ɗauki kaya, sai ya zaci kyauta ne. Wajibi ne a bayyana masa cewa kuɗin gumin uba ne da aka ajiye a banki, kuma duk dannawa yana raguwa. Asusun ƙasa yana taimako ƙwarai a nan, domin abin da aka zuba kaɗai ake tararwa ran da aka fasa. Lambar sirri ta kati kuwa ba a faɗa wa yaro, ba a kuma aikensa da ita.