Ko Kun Sani? Yadda Ake Naɗa Alƙalan Ɗaukaka Ƙara a Missouri

A jihar Missouri ta Amurka, gwamna ba ya naɗa alƙalin kotun ɗaukaka ƙara yadda ya ga dama. Tun 1940, bayan 'yan siyasa sun daɗe suna yi wa kotuna katsalandan, wani kwamiti mai mutum bakwai ne ke miƙa masa sunaye uku. Idan kwana 60 suka wuce bai zaɓi ɗaya ba, kwamitin ya zaɓa da kansa.

Bayan alƙalin ya yi aƙalla shekara guda a kujera, jama'a ke kaɗa ƙuri'a kan ya zauna ko ya sauka, kuma ba shi da abokin takara. In sun amince, wa'adinsa shekara 12 ne. Alƙalan kan zauna uku-uku suna duba hukuncin ƙananan kotuna, ba tare da sake kiran shaidu ba.