Sinadarin Ƙarfe a Jikin Wanda Ba Ya Cin Nama

A tsakiyar ƙarni na 18 wani likita a birnin Bolonya na ƙasar Italiya, mai suna Vincenzo Menghini, ya busar da jini ya ƙona shi, sa'an nan ya kusanto da mayen ƙarfe ga tokar. Sai ga burbushin tokar yana maƙalewa. Ta haka aka tabbatar cewa ƙarfen da maƙeri yake ƙera fartanya da shi yana cikin jinin ɗan Adam. Yawansa dai kaɗan ne, giram 3 zuwa 4 a jikin baligi, wato bai wuce nauyin ƙaramar ƙusa ba. Kusan kashi biyu bisa uku na wannan ƙarfe yana cikin hemogulobin, sinadarin da ya sa jini ya zama ja, wanda kuma yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran sassan jiki. Idan ƙarfen ya yi kaɗan sai hemogulobin ya ragu, mutum ya riƙa jin kasala da jiri da haki, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa su yi fari. Ɗalibi kuwa sai ya kasa tattara hankalinsa a aji, malami ya ɗauka lalaci ne.

Sanin kowa ne cewa nama da hanta da kifi suna ƙara jini. To, yaya wanda ba ya cin su zai yi? Irin waɗannan mutane suna da yawa a duniya. A Indiya mabiya addinin Jain da ɗimbin mabiya addinin Hindu ba sa cin nama sam. A Turai da Amurka wasu sun bar shi don tausayin dabbobi ko don kula da lafiya. A nan gida kuwa ba mu da wata aƙida ta ƙin nama, amma akwai gidaje da makarantun kwana da yawa inda tsoka ba ta shiga tukunya sai jefi-jefi. Hanjin mutum bai san dalilin da ya hana shi nama ba, saboda haka bayanin da zai zo ya shafe su duka.

Jiki yana tattalin ƙarfe ƙwarai. Jar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, in ta tsufa sai saifa da hanta su wargaza ta, a kwashe ƙarfen a mayar da shi ɓargo don ƙera sabuwa. Abin da namiji yake asara a yini bai wuce miligiram 1 ba, mace mai haila kuwa ta fi haka. Wannan ɗan gibi shi ake so abinci ya cike. Matsalar ita ce hanji ba ya tsotse duk ƙarfen da aka haɗiye, kuma yawan abin da zai tsotsa ya danganta da irin ƙarfen.

Iri biyu ne. Na farko shi ne wanda yake ƙunshe cikin wani zobe na sinadari da ake kira hem, kuma a nama da kifi kaɗai ake samunsa. Hanji yana ɗaukar kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari na wannan, ba tare da sauran abincin da ke cikin kwano sun dame shi sosai ba. Na biyu shi ne wanda ba ya cikin hem, wato na hatsi da wake da ganye, har ma da na ƙwai. Shi wannan abin da ake tsotsa daga cikinsa yana iya sauka zuwa kashi 2, yana iya hawa zuwa kashi 20, gwargwadon abin da aka ci shi da shi. Wannan ne ya sa Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka, a ma'aunin da ta fitar a 2001, ta ce wanda ba ya cin nama ya riɓanya buƙatarsa sau 1.8. Ma'aunin ya ba saurayi ɗan shekara 14 zuwa 18 miligiram 11 a yini, budurwa sa'arsa 15, magidanci 8, mace mai haila 18, mai ciki 27. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa: budurwar da ba ta cin nama tana buƙatar miligiram 27, saurayi kimanin 20, mace baliga kuwa 32.

Samun wannan adadi a tsirrai ba abu ne mai wuya ba. Giram 100 na dafaffen wake yana da kimanin miligiram 2.5, na dafaffen waken suya ya kai 5, na riɗi wanda ba a cire wa ɓawo ba ya haura 14. Gero ya fi shinkafar da aka goge ƙarfe nesa ba kusa ba. Zogale da alayyahu da rama da daddawa duk suna kawo nasu. Binciken da aka yi a Ingila kan dubban mutane ya nuna cewa masu ƙin nama suna cin ƙarfe daidai da masu cinsa, wani lokaci ma fiye. Sai dai ajiyar da ke jikinsu, wadda ake aunawa da sinadarin feritin, ta fi ƙanƙanta. Ashe ke nan wahalar tana wajen tsotsewa, kuma a nan ne ilimin kimiyyar sinadarai yake da amfani ga mai girki.

Babban mai tare hanya shi ne wani sinadari da ake kira fitet, wanda tsiro yake ajiye fosfaras a cikinsa don amfanin ƙwayar da za ta tsira. Yana cikin dusar hatsi da wake da gyaɗa da riɗi, wato a daidai wuraren da ƙarfen yake. Idan suka haɗu a hanji sai fitet ya kama ƙarfen ya ɗaure, su wuce tare zuwa bayan gida. Abin sha'awa shi ne iyayenmu mata sun daɗe suna yaƙar fitet ba tare da sun san sunansa ba. Jiƙa hatsi ya kwana, da barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, da ruɓar da kalwa a yi daddawa, da barin ƙwaya ta fara tsiro kafin a niƙa, duk suna tayar da wani sinadari mai suna fites wanda yake farfasa fitet ya saki ƙarfen. Surfe ma yana rage fitet, amma yana tafiya da wani kaso na ƙarfen cikin dusa, don haka ribarsa ba ta kai ta tsami ba.

Mai tare hanya na biyu shi ne tanin, abin da yake sa bauri a shayi da gahawa da goro da wasu nau'o'in jar dawa. Kofin baƙin shayi guda a kan abinci yana iya rage ƙarfen da za a tsotsa da fiye da rabi. Ba a ce a bar shayi ba. A jinkirta shi da ko sa'a guda bayan an gama ci, illar za ta ragu sosai. Madara da nono kuwa, duk da amfaninsu ga ƙashi, ƙarfensu ƙalilan ne, kuma kalsiyam ɗin da ke cikinsu yana ɗan gogayya da ƙarfe a hanji. Yaron da aka cika wa ciki da madarar shanu zai iya yin ƙiba alhali jininsa yana ƙasa.

Mai buɗe hanya kuwa shi ne bitamin C. Ƙarfen tsirrai galibi yana zuwa ne a siffar Fe³⁺, wadda ba ta narkewa sosai, ƙofar da ke bangon farkon ƙaramin hanji kuwa Fe²⁺ take karɓa. Bitamin C yana ba ƙarfen ƙwayar lantarki guda ya mayar da shi Fe²⁺, sa'an nan ya riƙe shi a narke don kada fitet ya riga shi kamawa. Ta wannan hanya abin da ake tsotsa yana iya ninkawa sau biyu ko uku. Sharaɗin shi ne a ci su a zama ɗaya. Lemun da aka sha da hantsi ba zai taimaki tuwon dare ba. Gwaiba ta fi lemun zaƙi bitamin C kusan sau huɗu, garin ƙwallon kuka ma yana da shi da yawa, haka tattasai da ɗanyen tumatir. Amma zafi mai tsawo yana lalata shi, kanwa kuma tana ƙara hanzarta lalacewar, saboda haka miyar da ta daɗe tana tafasa da kanwa ba a dogara da ita. A ganina babu abincin da ya dace da wannan ƙa'ida kamar kwaɗon zogale, in an yanka masa ɗanyen tumatir da tattasai aka matsa lemun tsami. Wake da shinkafa ko awara ma haka za a yi musu.

Tukunya ma tana da nata. Abinci mai tsami da aka dafa a tukunyar baƙin ƙarfe yana kwasar ƙarfe daga jikinta, kuma wani gwaji da aka yi a Habasha aka buga a 1999 ya nuna jinin yaran gidajen da aka ba irin wannan tukunya ya ƙaru. Tukunyar dalma da ta cika kasuwanninmu ba ta yin wannan aiki. Ta fuskar noma kuma, a 2018 aka saki wani irin gero mai suna Chakti a Jamhuriyar Nijar, wanda masanan cibiyar ICRISAT suka tace don ya fi na gargajiya ƙarfe.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka duk ƙarancin jini daga abinci yake. Binciken lafiya na Indiya na 2019 zuwa 2021 ya sami kashi 57 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini. Na Nijeriya na 2018 ya sami kashi 58, a ƙasar da kusan babu mai ƙin nama don aƙida. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, tsutsar ciki da tsargiya suna zubar da jini a hankali, haihuwa kusa-kusa tana ƙarar da ajiyar uwa. Rashin bitamin B12 ma yana kawo nasa ƙarancin jinin, shi kuwa tsirrai ba su da shi, dole wanda ya bar nama ya neme shi a nono da ƙwai ko a ƙwayar magani.

Saboda haka wanda ya ga alamun da aka ambata ya je a auna jininsa kafin ya sayi maganin ƙara jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar hemogulobin da ya gaza giram 13 a kowace desilita ga namiji, ko 12 ga mace marar ciki, a matsayin ƙarancin jini. Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe, in ya taru sai ya ɓata hanta da zuciya. Mai cutar sikila, musamman wanda aka sha ƙara wa jini, sau da yawa ƙarfe ya riga ya yi masa yawa, don haka ba ya shan ƙwayar sai da umarnin likita. A gidan da mai ciki take shan tata kuma, a ajiye kwalbar inda hannun yara ba ya kaiwa, domin ƙwayoyin sun yi kama da alewa, kuma ɗan tafin hannu guda ya isa ya halaka ƙaramin yaro.