Kulawa da Bakwaini Tun Ranar Farko

Ya ku ɗalibai da iyaye, ku sani cewa bakwaini, da duk jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, suna cikin haɗari tun ranar haihuwa. Babban abin tsoro shi ne sanyi, domin jikinsu ba ya riƙe ɗumi, balle a hunturun Tambuwal da Kebbe.

To, mene ne abin yi?

Na farko, kada a yi masa wanka ranar haihuwa, a goge shi kawai.

Na biyu, uwa ta ɗora shi a ƙirjinta, fata da fata, ta ɗaure da zane, a sa masa hula. Likitocin Bogota, ƙasar Kolombiya, suka fara wannan dabara a 1978 saboda ƙarancin kwalbar renon jarirai.

Na uku, kada a zubar da dakashi, garkuwa ne gare shi. A ba shi nono zalla har wata shida, ban da ruwa ko jiƙo.

Idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi, ko numfashinsa ya yi sauri, a garzaya asibiti nan take. Kada a ce sai bayan suna.

Allah ya raya mana su, amin.